Wuƙar Takaba

Damba, Gusau
Ranar Talata

Zuwa ga Gwaggo Tambaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya ƙafa, ya mutanen Tsafe? Ni jikina lafiya lau, alhamdu lillahi. Tun da aka yanke layin waya ban ji muryar kowa nawa ba, shi ya sa na ba Audu direba wannan takarda, ya ce yana bi ta ƙofar gidanki.

Masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa tun bayan sadakar arba'in. Ban ga laifinsu ba, kowa da abin da ya dame shi. Kin kuma san Inna, mahaifiyar mijina Malam, ta tafi da 'yata Hadiza can Nahuce, wai yarinya 'yar shekara huɗu za ta hana ni hutawa, sai na fita takaba a dawo min da ita. Ban iya ce mata a'a ba. Ɗanta ta rasa.

Gwaggo, abin da ya sa na rubuto miki, kaina ne ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wannan tunani bai gama shigowa ba wani ya ture shi. Ina cikin tunanin ko Hadiza ta daina tari, sai in ga na koma kan rufin ɗaki da ke yoyo, sai takalmin Malam da ke bayan ƙofa, sai makaranta, sai in rasa inda na faro. Jiya sau uku na sake azahar don ban san raka'a nawa na yi ba. Na ɗora ruwan tuwo na shiga ɗauko gari, sai ƙaurin tukunya ne ya same ni ina ninke kaya. Ni da nake riƙe aji guda na yara, yau shafi ɗaya na Alƙur'ani ya gagare ni.

Abin mamaki, ba dare nake tsoro ba. Da dare maƙwabta suna gida, ina jin rediyon su Maman Jonathan ta katanga. Hantsi ne abin. In maza suka fita nema, unguwa ta yi tsit, sai in ji kamar akwai mutum tsaye a bayan katanga yana sauraron motsina. Ranar nan na leƙa na ga an yi rubutu da alli a jikin ƙofarmu. Na san na masu allurar rigakafi ne, wallahi na sani, ni kaina na taɓa yin aikin. Amma wani abu a kaina yana ta cewa, gidan da babu yaro me za su rubuta? Alama aka yi, don a san mace ce ita kaɗai. Na sa tsumma na goge, sannan na shiga tsoron za a ce me ya sa na goge.

Ban san ko haka kowace mai takaba take ji ba. Ke kin yi, ki faɗa min. Amma don girman Allah kada maganar nan ta je Nahuce. In Inna ta ji an ce kaina ya taɓu, ba za ta ba ni Hadiza ba, kuma ba wanda zai ga laifinta.

'Yarki,
Ummulkhairi

*

Tsafe
Ranar Asabar

Ɗiyata Ummu,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, muna lafiya. Ƙafa tana nan yadda kika san ta, ni da ita kullum muna faɗa, kullum ita ke cin nasara. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, malama, ki karanta da haƙuri, kada ki sa min jan biro.

Na ga takardarki. Ke dai tun kina ƙarama a hannuna kin iya ɗaukar ƙaramin abu ki hura shi. Tukunya ta ƙone, sai me? Ni da hankalina cikakke na ƙona tukwane sun fi shekarunki. Takaba biyu na yi, ta Alhaji da ta Malam Umar, saboda haka wanga abu da kike ji ba baƙo ba ne gare ni. Mai takaba jikinta a buɗe yake, komai na iya raɓar ta. Shi ya sa mutanen da ba sa barin ta hannu rabbana. Ku 'yan boko da 'yan Islamiyya kun ce duk bidi'a ce, kun watsar, to ga shi nan kina sallar azahar sau uku.

Ki buɗe ƙullin da Audu zai ba ki. A ƙarƙashin dakuwa akwai 'yar wuƙa a cikin kube na jan fata. Ta uwata ce, da ita ta yi takabar ubanmu, ni ma da ita na yi duka biyu, ba abin da ya same ni. Ki riƙe ta duk inda za ki, ko bayi ne. In za ki kwanta ki sa ta a ƙarƙashin matashi. Ƙarfe yana korar abin da ido ba ya gani.

Sannan ki rage hira da mutane. Ba duk mai shigowa gaisuwa ke zuwa don Allah ba, wasu kallo ke kawo su, su je su ba da labari. Ki yi zamanki, ki ja carbinki, kwanaki ne za su wuce.

Maganar Nahuce kuwa, bakina a rufe. Mijinki Bawa, Allah ya jiƙan shi, ya riƙe ki da mutunci, ba za mu ba uwarsa abin faɗa ba. Ki ci dakuwar, kada ki ajiye ta har ta yi tsami kamar yadda kika saba.

Gwaggonki,
Tambaya

*

Damba
Ranar Alhamis

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri. Ina lafiya.

Da farko na ji daɗin wuƙar. Ranar da ta zo har barcin rana na yi. Amma daga baya na zauna ina kallonta, sai na ce, Gwaggo ba ta taɓa aiko min da abu a banza ba. In da babu komai, me zai sa ta aiko min da wuƙa? Ke nan akwai abin da kika sani ba ki faɗa min ba. Na sake karanta takardarki har ta fara yagewa a wurin ninki. Kin ce wasu kallo ke kawo su, su je su ba da labari. Su wa kike nufi? Wa ya kawo miki labarina?

Mutum ɗaya ce ke shigowa yanzu, Lidiya, Maman Jonathan. Kin tuna ta, mai shagon kayan miya, wadda ta yi ta hidima ranar rasuwa. In ta dawo daga shago takan ƙwanƙwasa ta miƙo min abinci. Shekara shida muna katanga ɗaya, ko kallon banza ba ta taɓa haɗa mu ba. Amma shekaranjiya ta ce min, "Maman Hadiza, yaushe za a kawo yarinyar nan? Gidan ya yi miki shiru da yawa." Me ya sa take tambaya? Kuma ranar da Anas ƙanin Malam ya kawo min gero, na ji suna magana a ƙofar gida, sun daɗe. Na san gaisawa ce. Amma gaisuwa tana daɗewa haka? Ko Inna ce ta sa ta lura da ni?

Ina rubuta wannan ina jin kunyar kaina. Rabin kaina yana cewa Ummu ki ji tsoron Allah, matar nan ta wanke miki tukwane kina kuka. Ɗaya rabin yana cewa to ai ta haka za ta san komai. Su biyun suna magana lokaci ɗaya, ni ina tsakiya, ban san wanne ne ni ba. Abincinta na jiya na zuba wa kaji, na tsaya ina kallonsu ko za su faɗi. Ba su faɗi ba, sai na ce ƙila guba ce da ba ta kama kaji.

Yau ta ƙwanƙwasa na yi shiru kamar ba na nan, ni da duk unguwa ta san ba na fita. Wuƙar tana hannuna har na yi gumi a kanta.

Na manta abin da nake son tambayar ki. Akwai wani abu. Ki dai faɗa min gaskiya, wa ya zo Tsafe da maganata? Ki ba Audu amsa gobe-gobe.

Ummulkhairi

*

Damba

Gwaggo,

Juma'a ta wuce, wata Juma'a ta wuce, ban ga Audu ba, ban ga amsa ba. Ko shi ma an hana shi zuwa? Ko ya kai takardata Nahuce? Ko ke ce kika ga bai kamata ki ƙara yi min magana ba?

An sake yin rubutun allin. Ban goge ba. Na daina share tsakar gida don kada a ji inda nake. Na daina ɗora girki saboda hayaƙi.

Wannan zan jefa wa mai ruwa ta ƙarƙashin ƙofa ya kai tasha. In ta same ki, ki ce wa Hadiza ban yashe ta ba.

Ummu

*

Tsafe
Ranar Litinin

Isah,

Gaisuwa a taƙaice, ya mai jego da jariri? Ka ajiye duk abin da kake yi a Bungudu, ka shiga mota ka tafi Damba wurin ƙanwarka yau ɗin nan.

Motar Audu ta lalace, ta yi kwana goma a gareji da takardar Ummu a aljihunsa. Yau takardunta biyu suka zo min tare, na karanta su. Yarinyar nan ba lafiya, ba irin abin da na zata ba ne. Ta kawo min kuka, ni kuma da wayona na aika mata da wuƙar takaba, na ce ta rage hira da mutane. Ni da na yi tawa takabar gida cike da mata, ko tari na yi sai an ce min sannu, ban tsaya na tuna ita ba kowa a gidan ba.

In ka isa, ka yi sallama da ƙarfi, ka faɗi sunanka tun daga waje. Ka karɓe wuƙar nan kafin ka zauna. Da ƙafata tana ɗaukata da ban aike ka ba. Ka rubuto min duk abin da ka gani, kada ka rage don ka lallashe ni.

Gwaggonka

*

Damba, Gusau
Ranar Laraba

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Mai jego da yaro suna lafiya. Na iso, amma na iske an riga an yi. Ki kwantar da hankalinki, ba a rasa rai ba.

Ga yadda Maman Jonathan ta ba ni labari. Ta ce ta kwana biyu ba ta ji tsintsiya ba, ba ta ga hayaƙi ba, ta ƙwanƙwasa ba amsa. Ranar Lahadi da suka taso daga coci ta kasa haƙuri, ta jingina tsani ta haura katanga da rana tsaka. Tana dirowa Ummu ta fito daga ɗaki da wuƙa. Ta yanke ta a hannu, ƙasa da gwiwar hannu, sai da aka yi ɗinki.

Na rasa da wane baki zan ba ta haƙuri. Ta ce min, "Malam Isah, bar shi. Idonta yana kaina amma ba ni take gani ba. Da na ce Maman Hadiza, ni ce, sai ta saki wuƙar ta zauna a ƙasa." Ta ce haka ta rungumi Ummu, jini yana zuba a kan su biyun, har ta natsu. Da mutanen unguwa suka tambaya, ta ce musu kwalbar kan katanga ce ta yanke ta. Mijinta kaɗai ya san gaskiya, kuma ransa bai yi daɗi ba, ban ga laifinsa ba.

Ummu ta rame ƙwarai. Ta gane ni, tana magana daidai, sai dai takan tsaya a tsakiyar zance ta ce, "Yaya, me nake cewa?" Na tambayi liman, ya ce mai takaba tana fita don lalura, saboda haka jiya muka kai ta asibiti. Likita ya daɗe yana yi mata tambayoyi. Ya ce ciwo ne sananne, damuwa ce ta taru da rashin barci da zaman kaɗaici, kuma ana samun sauƙi. Ya ba da magani, ya ce a riƙa dawo da ita. Amma ya ja min kunne a kan abu ɗaya, kada ta ƙara wuni ita kaɗai.

A nan muka tsaya, Gwaggo. Matata tana wankan jego, ke ga ƙafa, Maman Jonathan tana da shago, ni ba zan bar aiki ba. Na juya dangi kaf, mace ɗaya ce za ta iya baro gidanta ta zauna, ita ce Inna ta Nahuce. Da na faɗa wa Ummu sai ta fashe da kuka. Ta ce, "Ka kashe ni ke nan, Yaya. Wa zai ba mai yankar mutane ɗiya?" Na ce sai mu ce mata zazzaɓi ne. Ta tashi ta shige ɗaki.

Yau da safe ta miƙo min takarda, ta ce in biya Nahuce a kan hanyata ta komawa. Ban buɗe ba. Wuƙar tana wurin Maman Jonathan, ta ce ba ta ba kowa sai mai ita ta warke ta tambaya da bakinta.

Ɗanki,
Isah

*

Damba

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ya ƙarin haƙuri, ya mutanen gida? Anas, ka karanta mata yadda na rubuta, kada ka gyara komai.

Inna, ba ni da lafiya, kuma ba ciwon jiki ba ne. Tun da gida ya watse nake jin tsoron abin da babu shi, tunanina ba ya tsayawa. Na ɓoye miki don kada ki hana ni Hadiza. Ranar Lahadi na yanki maƙwabciyata da wuƙa, matar da ke kawo min abinci. Ita ta ce wa mutane kwalba ce. Ba kwalba ba ce, ni ce.

An kai ni asibiti, ina shan magani. Likita ya ce kada in zauna ni kaɗai, kuma ba ni da wanda zan roƙa sai ke. Yaya ya ce mu ce miki zazzaɓi ne. Na ga ba zan iya kiran ki ki kwana ɗaki ɗaya da ni a kan ƙarya ba.

In kin ga Hadiza ta fi tsira a wurinki, ke ma uwarta ce. Ina dai roƙon a kawo ta in gan ta, ko daga bakin ƙofa ne.

'Yarki,
Ummulkhairi

*

Damba, Gusau
Ranar Lahadi

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ya ƙafa? Na ji an ce kin daina cin abinci saboda ni. Ki ci don Allah, mai ciwo ɗaya ta ishe mu. Waya ta dawo a nan Gusau, na gwada taki ba ta shiga, sai na koma wa Audu. Na yi shiru kwana biyu ne don ina son in rubuto miki da kan da ya ɗan zauna.

Inna ta zo washegarin ranar da takardata ta same ta, da tabarmarta da butarta, da Hadiza a bayanta. Ba ta ce min uffan a kan takardar ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Mi kika ci yau?" Da la'asar ta auni gero a ƙwarya ta shiga gidan Maman Jonathan, ita da ba ta taɓa taka gidan ba. Ban san me suka ce ba, na dai ji suna dariya, kuma a karon farko na ji dariya ta katanga ban ce da ni ake ba.

Ba zan ce miki na warke ba. Tunanin yana nan, sai dai ya rage gudu. Wani hantsin har yanzu nakan ji motsi a bayan katanga, amma yanzu sai in ce, "Inna, kin ji?" Ita kuma ta ce, "Akuya ce," ko ɗaga kai ba ta yi. Wata rana akuyar ce da gaske. In na tayar da salla Hadiza takan zauna a gefena tana ƙirga min raka'a, ɗaya, biyu, biyar. Da ita da ni ban san wa ya fi wani ɓata ba.

Abu ɗaya ya riƙa ci min rai. Tun da ta zo, Inna ba ta bar ni na taɓa wuƙa ba. Ita ke yanka albasa, ita ke yanka kuɓewa, in ta gama ta soke wuƙar a ƙugunta. Da Hadiza kuma take kwana.

Jiya aka aiko ana yankan dawa a Nahuce, sai ta je. Tana haɗa kayanta na shiga na haɗa na Hadiza, ba tare da an ce min ba, ina yi ina haɗiye kuka don kada yarinyar ta gani. Inna ta buɗe jakar ta ce, "Wa ya ce ki haɗa mata kaya? Jibi ina dawowa. Ki tsefe mata kan nan, kitson ya tsufa." Ta leƙa katanga ta ce wa Maman Jonathan ta rufe shago da wuri. Har ta kai zaure ta dawo, ta zaro wuƙar girki daga ƙugunta ta ajiye a kan turmi. Ta ce, "Ɗiyarki ba ta cin miya in ba albasa."

Na daɗe a tsaye ina kallon turmin, Gwaggo. Sannan na yanka albasar. Hadiza ta ci tuwo ta nemi ƙari. Yanzu haka tana kwance a cinyata, rabin kai a tsefe, shi ya sa rubutun ya karkace.

Na je na karɓo wuƙarki da bakina, ga ta nan a ƙulli. Ban riƙe ki da komai ba, abin da aka ba ki ne kika ba ni. Ki mayar da ita ƙasan akwati. In wata a danginmu ta shiga takaba, kada ki aika mata da ita. Ki aika ni.

'Yarki,
Ummulkhairi